Kwana Goma Ba Dariya

Anti Gilashi ta shekara goma sha tara a shagon tabarau, a teburin da ke kallon ƙofa. Ita ke tarbar duk wanda ya shigo. Takan dubi fuskar mutum sau ɗaya ta miƙa hannu ta ɗauko firam ɗin da zai dace da shi, ba kasafai ake kai ga gwada na biyu ba. Masu saye ne suka laƙaba mata sunan, ya bi ta har ma'aikatan shagon suka manta da nata na gaskiya.

Da mai shagon ya tsufa ya zauna a gida, ɗansa ya karɓi aikin, ya ce a riƙa ce masa Manaja. A satinsa na biyu ya kira ta ofis, bai ce ta zauna ba.

"Anti, tabarau a fuska ake sa shi, kuma fuska ce ke sayar da shi. Mutum ya shigo ya gan ki, sai ya tuna da shekarunsa, ya fita jiki a sanyaye. Ki koma ɗakin gyara. Akwai kujera a can, ki huta."

Ya ajiye 'yan mata biyu a gaba, ita kuma ta koma baya wurin ƙananan noti da sukudireba, inda taga ɗaya ce kuma bango take kallo.

Wata uku ta yi a can kafin ta je wurin likitar fata. Likitar ta zaunar da ita gaban madubi, ta sa yatsu biyu ta ja kumatunta sama kaɗan, sai ga fuskar da Anti ta rabu da gani shekara goma. Ba yanka za a yi ba, in ji likitar. Zare ne na musamman mai ƙananan ƙayoyi, a zura shi da allura ta gefen kunne, ya kama naman kunci ya ɗaga shi, bayan watanni ya narke da kansa. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Ta ba ta takarda mai dokoki: kada ta yi dariya, kada ta wangale baki, kada ta tauna abu mai tauri, kada ta sunkuya, ta riƙa kwana a rigingine kai a bisa filo biyu, har kwana goma. Ta kuma ce gara a samu wanda zai zauna da ita.

Anti ita kaɗai take zaune tun rasuwar mijinta, 'yarta ɗaya kuma tana aiki a wani gari mai nisa. Don haka ta kira ƙanwarta, Auta, mai ɗinkin labule a gida, ta roƙe ta ɗakin baƙi, ta ce kada kowa ya ji.

"Haba Yaya, wa zan gaya wa?" in ji Auta.

Auta ce ta zo ɗaukarta daga asibitin. Tun a tasi ta karɓi takardar dokokin tana karantawa da ƙarfi, direba yana leƙen su ta madubi.

"Kada a yi dariya. To, wannan mai sauƙi ne, yaushe rabon da ki yi wa wani dariya? Kada a sunkuya. Yaya ai ba ta taɓa sunkuya wa kowa ba."

Anti ta rufe fuska da gyale. Allurar kashe zafin ta fara sakinta, tana jin kamar an ɗaure mata kumatu a jikin kunnuwa.

Washegari ta tashi fuska ta kumbura. Idonta na hagu ya ƙanƙance, jini ya kwanta ƙarƙashin fata daga kunne zuwa haɓa, ya yi baƙi-baƙi. Bakinta bai buɗuwa fiye da faɗin cokalin shayi. Auta ta kawo mata yogot da dafaffen dankali da ta murƙushe, da ƙanƙara a naɗe cikin tawul, ta gyara mata filo da kyau. Sannan ta ja kujera gabanta ta zauna tana gartsar tuffa, tana kallonta kamar talabijin.

"Kin san me kika tuna min? Filon da aka cika wa auduga da yawa, ɗinki yana neman ɓallewa. Da kin kawo min fuskar ai da na tattare miki ita a keke, na sa miki ma leshi a gefe."

"Auta, don Allah," in ji Anti ta tsakanin haƙora.

"Me kika ce? Buɗe baki mana, ba na ji."

A rana ta uku, wajen hantsi, Anti tana kwance a rigingine ta ji muryoyi a falo. Kafin ta lalubo gyale an turo ƙofa. Maƙwabtan Auta ne su uku, sun ce sun ji Yaya ba lafiya sun zo dubiya. Suka jeru a bakin gado suna sannu, idanunsu na yawo a kan kumatunta. Ɗaya ta tambaya ko zaren irin na ɗinki ne. Ɗaya ta ce ita dai ta gode wa Allah da fuskar da ya ba ta. Ta ukun kuwa toshe baki take da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Auta ta tsaya a bayansu da waya a hannu. Anti ta ga hasken kyamara ya walƙa.

"Na tarihi ne," in ji Auta. "In kin warke ki ga inda kika fito."

Kafin la'asar hoton ya shiga gurup ɗin dangi na waya. Anti ba ta sani ba sai da 'yarta ta kira.

"Mama, me kika yi wa kanki?"

"Ƙaramin abu ne, zai saɓe."

"Ƙaramin abu? Dangin mijina suna cikin waɗanda aka tura wa. Uwar mijina ta kira ni tana tambaya ko hatsarin mota kika yi. Na ce e, Mama, na ce hatsari ne, don ya fi sauƙin faɗa. Shekararki hamsin da huɗu. Wa kike so ya kalle ki?"

Anti ta so ta ce aikinta take so a mayar mata, amma maganar ta yi tsawo ga bakin da ba ya buɗuwa. 'Yar ta gaji da jira ta kashe waya. Hawaye suka bi gefen ido suka gangara zuwa inda aka huda, wurin ya ɗauki raɗaɗi, kuma takarda ta hana ta murza fuska. Haka ta bar su suka bushe.

Da Auta ta shigo da shayi, Anti ta nuna mata wayar.

"Hannuna ne ya zame," in ji Auta. "Kin san wayoyin nan. Sha shayinki kafin ya huce."

Rana ta huɗu ta wuce ba su ce wa juna komai ba. Ana jin keken ɗinki daga falo, yana tsayawa yana tashi. A rana ta biyar kumburin ya fara sauka, Anti ta duba madubin banɗaki ta ga layin haɓarta ya fito kamar yadda likita ta nuna mata. Ta fito falo ta zauna a karon farko, tsakanin tarin yadin labule.

Auta ta ɗago daga keke ta daɗe tana kallonta. Ita ma ta ga abin da madubi ya nuna. Sai ta miƙe, ta ɗauko ragowar wani yadi ta yafa, ta ɗora tabarau a ƙarshen hanci, ta fara kwaikwayon mahaifiyarsu marigayiya lokacin da take faɗa da mai gyaran rediyo: yadda take riƙe ƙugu, yadda take kiran rediyon maƙaryaci don ya ce za a yi ruwa ba a yi ba, yadda take juyowa ta nemi katangar gida ta ba da shaida. Tun suna yara babu wanda ya iya wannan kamar Auta, kuma babu ranar da Anti ta taɓa jure shi.

"Bari," in ji Anti, ta dafe kumatu da hannu biyu. "Auta, bari, na roƙe ki."

Auta ta ƙara murya, ta matso kusa, ta yi tafiyar tsohuwar da ɗingishinta. Dariyar ta taso wa Anti daga ciki, ta danne, ta danne, ta ƙwace. Baki ya buɗe gaba ɗaya. Ta ji wani abu ya yi ƙas a kusa da kunnen dama, zafi ya tsarga mata har cikin ido. Dariyar ta koma ihu.

Ta ruga banɗaki. A tsakiyar kuncin dama fata ta lotsa, ta tattare kamar inda aka ja zare a jikin riga.

Auta ta biyo ta ta jingina da ƙofa, yadin yana kafaɗarta har yanzu.

"Da gangan kika yi," in ji Anti.

"E."

Anti ta juyo.

"Tun ina 'yar shekara shida," in ji Auta, "duk inda aka kai mu sai an nuna ki a ce min, wannan ce yayarki? Uwa ɗaya uba ɗaya? Sai a dube ni a yi shiru. Ke aka saya wa madubi, ni aka ce in koyi sana'a don kada in dogara da fuska. Na jira shekara arba'in ki tsufa mu zama daidai, Yaya. Ban nemi komai ba, jira kawai na yi. Da lokacin ya zo sai kika je aka ɗinke ki, kika zo gidana in riƙe miki ƙanƙara."

"Ni na ce a yi miki haka?"

"Ba ki taɓa cewa a bari ba."

Anti ta shiga ɗaki ta tattara kayanta a tsaye, tana jawo jaka da ƙafa don kada ta sunkuya. Auta ta koma keke. Ba ta ɗago ba lokacin da ƙofa ta rufe.

Da ta koma asibiti, likitar ta duba wurin ta ce zare ɗaya ne ya goce daga inda ya kama, ba abin tashin hankali ba ne. Ta danna kuncin da babban yatsa har Anti ta ga duhu, ta ce lotsawar za ta baje a hankali, wataƙila ta bar ɗan alama. Anti ta ƙarasa kwanakin a ɗakinta ita kaɗai, tana dafa ƙwai, tana sa wa kanta ƙanƙara. Ta nemi ƙarin sati a wurin aiki aka ba ta. 'Yarta ba ta sake kira ba, Auta ma haka.

Ranar da ta koma shago fuskar ta kwanta. Ɓangaren hagu ya yi kyau sosai. Na dama ya ɗan fi shi sauka, da 'yar lotsawa da ke fitowa in ta yi magana. Ta sa rigarta mai kyau ta shiga ta ƙofar gaba.

'Yan matan nan biyu suka gaishe ta da fara'a fiye da kullum. Tana wucewa ta ji ɗaya ta ce wa ɗayar, "Anti Zare ta dawo." Ashe ƙanwar ɗaya daga cikin maƙwabtan Auta ƙawarsu ce, hoton ya riga ta zuwa da sati biyu, har masinja ya gani.

Ta ƙwanƙwasa ofishin Manaja. Ya ɗago ya dube ta da kyau, ya gyaɗa kai.

"Sun yi ƙoƙari, Anti, wallahi sun yi ƙoƙari. Wancan gefen ne dai ba su gama ba." Ya mayar da ido kan kwamfuta. "Gyara ya taru a baya, akwai firam kusan talatin suna jiran ki."

"Na ɗauka za a duba maganar teburin gaba."

"Wane teburi? Anti, mutane sun ga hoton nan. In na sa ki a gaba, tabarau za su kalla ko kuncinki?"

Ta koma ɗakin gyara ta zauna. Ta jawo tiren farko, ta ɗauki sukudireba ta fara ɗaure hannun wani firam.

Bayan kamar wata ɗaya, wata mata ta leƙo ɗakin da tabarau a hannu wanda notinsa ya faɗi. Sa'ar Anti ce ko ta ɗan girme ta, malamar makaranta, ta daɗe tana sayayya a shagon. Ta zauna tana jira, tana satar kallon fuskar Anti, sannan ta ja kujera kusa ta rage murya.

"Ki yi haƙuri da tambaya. Na ji an ce kin yi abin nan na zare. Ni ma tunaninsa nake. A makarantarmu yara sun fara ce min Kaka, shugabar kuma tana ta kawo sababbin malamai. Ki gaya min gaskiya, tsakani da Allah. Akwai wahala? Ya canza miki wani abu?"

Anti ta ɗaga tabarau ɗin ga hasken fitila, ta hura gilashin ta goge da ƙyalle. Ta juya wa matar ɓangaren hagu.

"Babu wahala ko kaɗan," in ji ta. "Kwana biyu kin warke. Kowa zai taya ki murna, a gida da wurin aiki. Kina da 'yar'uwa?"

"Ina da ƙanwa, muna shiri sosai."

"To, wurinta za ki je ki yi jinya."

Ta yago takarda ta rubuta mata adireshin asibitin da kyakkyawan rubutu, ta haɗa da tabarau ɗin ta miƙa mata. Matar ta yi ta godiya har bakin ƙofa. Anti ta jawo tire na gaba.