Za a Hau Sama

A duk faɗin cikin ganuwar Kano, rufi ɗaya ne tak wanda ba ya buƙatar gyara, shi ne na gidan Alhaji Nata'ala da ke Madabo. Ba jita-jita ba ce, daga bakin mai gidan aka ji. Shekara ashirin da biyu ke nan yana faɗa, a zaure, a ƙofar masallaci, har a zaman makoki idan hira ta yi sanyi.

Jan tayil ne na gasasshen yumɓu, irin wanda ya gano a ƙasar waje lokacin da ma'aikatarsu ta tura shi kwas na mako shida. Ya dawo da takardar shaida ɗaya da ra'ayoyi masu yawa. Ya sa aka rushe soron da ya gada, aka kafa katako, aka jera tayil ɗaya bisa ɗaya. Tun daga nan, duk shekarar da maƙwabta suka fara kwaɓa ƙasa don yaɓen soro kafin damina, sai ya tsaya a kansu da hannu a baya.

"Sannunku da hidimar shekara-shekara. Mu kam mun huta. Tun da aka ɗora nawa, ƙafar ɗan Adam ba ta taka shi ba."

Su ce, "Allah ya ba mu irin naka, Alhaji." Ba mai dariya. Mutanen Madabo akwai tarbiyya.

Matarsa Hajiya Lauratu ita ta san sauran labarin. Tayil yana tsagewa idan rana ta gasa shi, iska tana zame shi, darbejiyar tsakar gida kuma ba ta da aiki sai cika indararo da ganye. Saboda haka duk ƙarshen bazara, da Alhaji ya tafi ofis, sai ta aika a kira Muttaka magini. Ya share indararo, ya cire fasassu, ya maye su da ragowar tayil ɗin da aka jibge a sito tun lokacin gini, ta sallame shi daga kuɗin ɗinkin hularta. Sai dai kafin ya taka tsani, dole ya tsaya a lungu ya ɗaga murya sau uku, "Za a hau sama!" domin matan maƙwabta su kimtsa, kamar yadda ake yi tun kaka da kakanni. Ta haka sirrin ya zama na unguwa guda. Mutum ɗaya ne kawai ba a sa a ciki ba.

Bana Alhaji ya yi ritaya.

Daga sallar asuba zuwa isha'i yana tsakanin zaure da tsakar gida, da rediyo a cinya. Ga tayil uku sun tsage, Lauratu tana hango su daga bakin murhu, kuma daidai saman ɗakin da littattafan mahaifinsa suke, rubutun hannu, waɗanda ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya mai da shafi tawada. Hadari ya fara haɗowa daga gabas da yamma-yamma, yana watsewa. Wata rana ba zai watse ba.

Ta shiga ɗaki ta kira Muttaka a waya, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam Muttaka, ka zagayo ta baya ka hau a hankali, lokacin da yake barcin rana. Ban da kiran nan."

"Hajiya, in hau saman gida ba sanarwa, in leƙa matan mutane? Ubana bai koya mini haka ba."

"To ka faɗa a hankali mana."

"Sanarwar da ba a ji ba ai gulma ce, Hajiya. Ki fitar da shi daga gida, ni kuma in yi aikina."

Ta gwada. Ta tuna wa Alhaji da abokinsa na Shahuci da ba shi da lafiya, ya ce sun yi waya, ya warke. Ta ce likitoci sun ce tafiyar ƙafa tana da amfani, ya ce shekara talatin da biyar yana tafiya, amfanin ya ishe shi. Ta yi tunanin ta faɗa masa gaskiya kawai. Amma ta dube shi, mutumin da aka karɓe wa ofis da direba da masu rusuna masa, ba abin da ya rage yana nunawa sai rufin nan, sai ta fasa.

Ranar Laraba da la'asar, Iya 'Yardada, tsohuwar maƙwabciyarsu wadda kunnenta ya yi nauyi amma muryarta ba ta yi ba, ta yi magana ta kan katanga.

"Lauratu! Wai bana lafiya? Ga hadari kullum, har yau ban ji Muttaka ya ce za a hau samanku ba! Ko kun canza magini ne?"

Alhaji yana tsugune yana alwala. Buta ta tsaya cak a hannunsa.

"Iya, ina ciwon ƙafar?" in ji Lauratu da ƙarfi.

"Ƙafa da sauƙi! Ni dai ki kira shi, kada a yi irin ta waccan shekarar da ya sauko yana tsiyaya!"

Alhaji ya ƙarasa alwalarsa, ya wanke ƙafar dama, ya wanke ta hagu, ya tafi masallaci. Da ya dawo ya wuce ciki kai tsaye. Ta dai ji ya shiga sito, ta ji ƙarar tayil yana gogar tayil. Tulin da ya bari ya kai ƙirji, yanzu ko gwiwa bai kai ba. Tuwon dare ya ci rabi.

Washegari da hantsi ya fito cikin babbar riga, ya tsaya a tsakar gida yana magana kamar mai jawabi ga ma'aikata.

"Hajiya, zan je ta'aziyya Dukawuya."

"Inna lillahi. Wa ya rasu?"

"Ba ki san shi ba. Kuma zan daɗe. Kada a sa rai da ni sai bayan la'asar." Ya gyara hula. "Na fito da tsanin nan ya sha iska, gara na neman cinye shi."

Bayan ya fita ta je ta duba. Tsani yana jingine da bango, daidai ɗakin littattafai. A gindinsa an jera tayil uku, an goge musu ƙura.

Ba a yi rabin awa ba muryar Muttaka ta cika lungu. "Za a hau sama! Za a hau sama! Za a hau sama!" Daga can ƙetaren katanga Iya 'Yardada ta ce, "Yawwa!"

Ruwan farko ya sauka ranar Asabar da rana tsaka, kamar da bakin ƙwarya. Alhaji ya shiga ɗakin littattafai ya daɗe yana kallon silin, ya shafa bango, sannan ya fito zaure inda maƙwabta suka fake.

"Kun gani ko? Ko ɗigo. Abin da nake faɗa muku ke nan shekara da shekaru."

Suka ce, "Allah ya ba mu irin naka, Alhaji."

Muttaka yana cikin masu fakewa, ya fi kowa gyaɗa kai. Da ruwa ya tsagaita, ya zagaya ta ƙofar baya karɓar kwanon awon simintinsa da ya manta. Lauratu ta miƙo masa ta bayan labule. A cikin kwanon akwai ɗan ƙulli, kuɗin hula biyu da ta gama ɗinkawa a makon. Ya sa a aljihu bai kwance ba, ita kuma ta koma ta ɗauki allurarta.