Takalmin Auta

Ni na samar wa Auta, ƙanina, aiki a kamfanin da muke ɗinka jakunkunan makaranta. Keken ɗinkinsa na jikin nawa, aikinmu ɗaya sak: in sa zif, ya sa zif. Ni da na daɗe a wurin, da kyar albashina ke kai ni ƙarshen wata. Shi kuwa gogan, bai rufa shekara ba sai ga sabon takalmi. Sai ga waya. Ran da ya kafa wa Mama fanka a ɗaki tana ta sa masa albarka, ni kuwa na ja shi gefe.

"Auta, ina kake samun kuɗi?"

"Albashina mana, Yaya."

Albashin gidanku, na ce a raina, ko da yake gidan namu ɗaya ne.

A kamfaninmu in aka kama mutum da sata, har wanda ya kawo shi ake kora. Mu biyu kuma ke riƙe da Mama. Sai na sa masa ido. In ya tashi ɗauko zif a sito, ni ma nan take ƙishirwa ta kama ni, in bi bayansa. Yana wanka na zazzage jakarsa, babu komai sai caja da ledar biskit. Na ce lallai yaron nan ya ƙware.

Da abin ya ishe ni na sami manaja a ofis, na rufo ƙofa, na ba shi labarin takalmi da waya da fanka.

"Ranka ya daɗe, in wani abu ya ɓata ta hannun ƙanina, a riƙa cira a albashina. Kar a kore mu."

Ya yi dariya. "Ko allura ba ta ɓata ba. Abin da muke ba shi ai ya ishe shi sayen fanka."

"Au, ba abu ɗaya kuke ba mu ba?"

"Haba, ke kuwa. Namiji ne fa, gobe zai ajiye iyali. Duk mazan layinku haka ne. Don Allah kar ki tayar mini da matan nan."

Na koma na zauna gaban kekena. Auta ya leƙo ya ce, "Yaya, lafiya?"

Na kasa kallonsa. Yaron bai taɓa kayan kowa ba, ya kamata in yi murna. Amma wallahi baƙin ciki ne ya tokare ni, don da sata na kama shi yana yi, da na san wanda zan shaƙe.