Gorar Ƙanƙara

Shekara uku dunduniyar Malama tana sukarta kamar ta taka ƙusa, ga tsayuwar aji. Likita ya ce ta riƙa murza gorar ƙanƙara da tafin ƙafa. Maigidanta ne ya ɗura ruwan, ya rubuta a jikin gorar: "Maganin uwargida, a sha a gurgunce."

Tun rasuwarsa, ruwan nan dai take mayarwa firiza kullum.

Rannan ta dawo tana ɗingishi, ta tarar 'yarta ta sa sabuwar gora a firiza.

"Tsohuwar ta tsage, Mama, na yar. Ai ruwa ruwa ne."

Malama ta ɗauko sabuwar gorar. Ta zauna, ta ɗora ƙafa. Zafin ya lafa kamar kullum, shi ne abin da ya sa ta kuka.