Romon da Genzo Ya Rage

Yayana Genzo ya ce wai kabarin wani abokinsa za mu ziyarta a Fukuoka, can kudancin ƙasarmu. Muna sauka daga jirgin ƙasa ya manta da mamacin, ya ja ni bayan kasuwar kifi, inda mutane suka yi dogon layi a ƙofar wani ɗan shagon taliyar ramen. Shagon 'yarsa Chizuru ne. Ban yi mamaki ba, ni dai yunwa nake ji.

A garinmu Asahikawa, can arewa, Genzo ya tsufa yana dafa ramen. Shi ya kori yarinyar daga kicin ɗinsa, ya ce ba za ta taɓa iya romo ba. Tun da ta bar gida ba su sake magana ba.

"Yaya, leƙa ka ce kai ne mana," na ce. "Ƙafafuna sun fara kumbura."

"In kin gaji zauna a ƙasa, Tomie. Mun fi waɗannan ne?"

Da layi ya zo kanmu muka zauna a gaban kantar shagon. Chizuru ta gan shi sarai. Ta yi mana sannu da zuwa irin wadda take yi wa kowa, ta ajiye mana kwano biyu, romon ƙashin kaza fari tas, da siririyar taliya.

Masu wannan sana'a a wajenmu ba sa yabon juna da baki. In girkinka ya yi, a shanye romo har a ga gindin kwano. In an rage, an raina ka ke nan. Chizuru a cikin wannan ta tashi, shi ya sa tana juya tukunya amma idonta na kan kwanon ubanta.

Ya zuƙe taliyar tsaf, ya ajiye tsinken cin abinci. Romo ko rabi bai sha ba. Gaskiya na ji haushinsa, wannan doguwar tafiya don wulaƙanci kawai. Chizuru ta matso da tsumma a hannu, fuska ba yabo ba fallasa, ta miƙa hannu za ta ɗauke kwanon. Ya dafe shi.

"Ina za ki da shi? Ƙaro taliya."

Mutanen Fukuoka haka suke yi, su rage romo don a zuba musu taliya ta biyu. Genzo kuwa kullum haɗamar 'yan kudu yake kiran abin.

Ta tambaye shi kamar kowane baƙo: "Mai tauri ko mai laushi?"

"Ke ce mai shago. Yadda kika ga ya dace."

Ta juya mana baya, ta tsaya cikin tururi har na layi suka fara leƙowa. Taliyar ta daɗe a ruwa, ta zo ta yi luguf, irin wadda a kicin ɗinsa sai dai kwandon shara. Ya cinye ta tas, ya shanye romon har aka ga gindin kwano.