Gyaran Riga

Tun da Mama ta rasu, tufafin Baba suka fara yi masa yawa. Ba shi da ciwon komai, sai dai cin abinci shi kaɗai ya gagare shi. Yara sun watse, kowa da garinsa, sai waya jefi-jefi.

Wando ɗaya ya fara kai wa telan da ke bakin titi, a rage masa ƙugu. Telan nan yana da wata ɗabi'a: ba ya karɓar gyara ya ajiye. Sai ka zauna a benci, ya tashe ka ya auna, ya taka keke, ya sake tashe ka. Mutane na ƙorafin ɓata lokaci. Baba kuwa abin da ya zo nema ke nan bai sani ba. Da tela ya dafa kafaɗarsa yana jan tef ɗin awo, sai da ya ji ƙwalla, don ya manta rabon da wani ya taɓa shi.

Daga nan ya riƙa kai kayan ɗaya bayan ɗaya, yana tattalinsu kamar maganin da ya kusa ƙarewa. Yau a rage hannu, wani satin a ɗage ƙafa. A benci ya san farashin zare da rigimar wani mai shago da surukinsa, har ya zama alƙalin da ba wanda ya naɗa.

Ranar da ya kawo rigar ƙarshe, tela ya karɓe ta hannu biyu.

"Baba, wallahi kunya nake ji, kullum ina zaunar da kai kamar ba dattijo ba. Na haddace awonka yanzu. Je ka gida ka huta, zan aiko maka."

"Ai zaman ba ya damuna."

"Haba Baba, ya za a yi!"

Me zai ce? Mutum ya girmama ka, ka hau gardama? Ya yi godiya ya fito.

Da la'asar mai babur ya miƙo masa leda ta ƙofa, ko sauka bai yi ba. Baba ya sa rigar a gaban madubi. Ta zauna masa cif, ba inda za a kushe. Haushin hakan ya kama shi sosai.

Ya daɗe zaune a bakin gado. Sannan ya cire ta, ya ɗauko reza, ya juya hammatar ciki waje, ya fara farke ɗinkin a hankali don kada yadin ya yage.