Inda Saje Ambrose Ya Tsaya

Ana saura shekara biyar Turawa su miƙa mulki, Nwabueze mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya zo gidana a Fagge neman aron shagon da nake ajiye dilolin atamfa. Mutum ne mai ladabi, shi ke duba mini garmaho in ya ƙi magana. Ya ce ya sami wata na'ura a hannun wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, da zai koma ƙasarsu, mai kama kiɗa ta zuba a faifai. Sai dai ɗakinsa a bakin kasuwa yake, rufin kwano, ko tari ka yi sai ya amsa maka. Shagona kuwa ginin ƙasa ne, atamfa tana shanye amo. Na ce na ba shi daga Azahar zuwa La'asar, ban da giya, ban da taba.

Su huɗu ne makaɗan, kiɗan nasu wai jaz. Shugabansu Ambrose, tsohon soja mai busa begila, ya dawo daga yaƙin Bama ya zama akawu a tashar jirgin ƙasa. Sai Dabo mai kalangu, ɗan unguwarmu, wanda ya gaji kiɗa kaka da kakanni. Sai Ifeanyi mai jita, wanda ba ka jin bakinsa. Sai Obiageli, tela ce, ita ke waƙa, murya siririya kamar zaren keke.

Wakilin wani kamfanin faifai na Ikko yana gari, zai hau jirgin Alhamis. Ya ce a kawo masa faifai ɗaya, in ya yi masa zai kira su Ikko. Ambrose bai jira ba. Ya riga ya ajiye aikin akawu, ya zaga Sabon Gari yana sallama da mutane. Ganin hadari, wanka da kashi. Faifan da ba a zuba wa komai ba kuwa uku ne kacal a hannun Nwabueze, kuma in allura ta bi ta kan faifai sau ɗaya, ba a gogewa. Ranar kuma Laraba.

Nwabueze ya haɗa na'ura da batirin mota, ya kafa wani ƙarfe mai kai kamar ludayi.

"Wannan shi ne makirufo," in ji shi. "Kunne ɗaya ke gare shi. Mai ƙaramar murya kusa, mai babbar murya nesa."

Ya ɗauki gawayi ya zana wa kowa wurinsa a ƙasa. Obiageli a gaba, Ifeanyi a gefenta, Dabo taku biyar baya, Ambrose can bakin ƙofa.

Ambrose ya dubi zanen, ya dubi Nwabueze. "Ni ne a wurin takalma? Ni da na yi wa Janar busa a Bama? Tela a gaba, shugaba a baya?"

"Kai ma ke nan, Kofur," in ji Dabo. "Ni ubana ko a gaban Sarkin Pawa bai taɓa tsayawa a bayan kowa ba."

"Saje ne ni! Igiya uku!"

"Ɗayar ai tazuge ce."

Da ƙyar aka lallashe su kowa ya taka zanensa. Nwabueze ya ce da zarar ya saki allura ba mai magana, ko shi kansa. Aka fara. Ina zaune a kan dila ina kallon ƙafar Ambrose. In ya busa sai ya matsa taku ɗaya, kamar kaza ta hango tsaba. Kafin a kai ƙarshe, bakin begila yana kan kafaɗar Obiageli. Da aka sa faifan a garmahona, ba waƙa, ba jita, sai ka ce an taka wa jaki wutsiya.

"Ka ji busa!" in ji Ambrose.

"Na ji faifai ɗaya ya mutu," in ji Nwabueze.

A na biyu Dabo ya rantse ba za a cuce shi ba. Ambrose ya matsa, shi ma ya matsa. Suka haɗu a gaban ludayin suna turereniya, gwiwar hannun Dabo ta daki teburin, allura ta yi tsalle ta tsaga faifan kamar tsagen Bagobiri.

Saura ɗaya. Gumi ya jiƙa rigar Nwabueze. Obiageli ta ɗaura ɗankwalinta ta dube ni ta ce, "Baba, ka yi musu magana. Ni ɗinkin mutane yana jirana."

Girman kai rawanin tsiya. Ba a rarrashinsa, sai dai a juya masa fuska. Na ce, "Ku biyun nan, ku zo. Wa ke zuwa bakin kunnen mutum kafin a ji shi? Sauro. Zaki kuwa daga bayan gari ake jin gurnaninsa. Namiji mai murya, da nisa ake gane shi."

Ambrose ya gyara wuyan rigarsa, ya koma bakin ƙofa da kansa. Dabo ya tsaya a zanensa, amma na ga yana auna tsakaninsa da Ambrose da ido. Da na san abin da idon nan ke nufi, da na sa sakata.

Aka saki allura ta ƙarshe. Obiageli ta buɗe baki, Ifeanyi ya bi ta a hankali. Dabo ya ja da baya, ya ja da baya, har ya wuce Ambrose ya fita zaure. Ambrose ya ga an mai da shi sauro, ya bi ta gefensa ya fita ƙofar gida. Nwabueze ba damar magana, sai ya ɗaga hannu biyu yana kaɗa musu su dawo. Su kuwa suka ɗauka cewa yake har yanzu ana jin su da ƙarfi, su ƙara gaba. Dabo ya tsallake kwata. Ambrose ya wuce mai tsire. Ta ƙofa ina hango su, ɗaya na matsa kalangu, ɗaya na kumbura kumatu, suna tafiya da baya da baya, mutanen da ke komowa daga kasuwar Kwari suna ba su hanya.

Minti uku faifai ya cika. Sai da aka bi su aka kira su.

Ni ba ma'abocin waƙa ba ne, amma gaskiya ɗaya ce. Da aka sa faifan nan, muryar yarinyar ta fito tas, jita na rakiyarta kamar ruwa a kan dutse. Can ƙarƙashi, in ka kasa kunne, kana jin wani abu kamar akuya ta ɓata a wata unguwa.

Ran Alhamis da safe Nwabueze ya kai wa wakilin. Mutumin ya saurara sau biyu, ya rubuta sunan Obiageli da na Ifeanyi, ya ce su same shi a Ikko ƙarshen wata. Ya kuma ba da shawara, nan gaba in za a ɗauki waƙa a riƙa rufe ƙofa saboda masu talla.

Ambrose ya goge takalmi ya koma tasha neman kujerarsa, ya tarar da wani a kai, har ya sa hoton matarsa a teburin. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Da yamma na same su su biyu a dakalin ƙofar gidana. Na zaci jaje suke yi wa juna, na rage tafiya don in sa baki.

"A wurin mai tsire ka tsaya, Kofur," in ji Dabo. "Ni sai da na kai rijiya."

"Ƙarya kake! Je ka tambayi mai tsiren!"