Ƙaramin Yatsan Tuni

Morjina ta rufe kwanon shinkafa da faranti, ta ajiye fo a kusurwa, ta cusa ashana da wuƙa can saman katakon rufi. Hannunta bai manta aikin ba. Haka ta riƙa kulle 'yarta Tuni a ɗaki tun tana rarrafe, ta tafi aiki kamfanin ɗinki a garin Gazipur sai yamma, har yarinya ta kai shekara uku bakinta gum, ko "Ma" ba ta cewa.

Makarantar yara ta ƙarshen layi ce ta buɗe bakin. Ɗaki ɗaya ne na langa-langa, kyauta, amma kafin damina ta wuce Tuni ta zama rediyo. Waƙa, tambaya, har faɗa take yi wa uwar in ta ci abinci ba ta wanke hannu ba.

To, makaranta da rana tsaka take tashi, kuma tsohuwar maƙwabciyar da ke ɗauko ta ta koma ƙauye jiya.

A jiyan Morjina ta je ta roƙi malamar, wadda kowa ke ce wa Apa, wato yaya. "Apa Shefali, ki riƙe min ita zuwa yamma. Ba ta da rigima."

"Wa, Tuni? Wannan mai bakin aku?" Malamar ta yi dariya, sannan dariyar ta gudu. "Ƙanwata, ina tashi mai ɗakin yake shigo da tukwanensa, masu keken haya su cika shi da cin abinci. Ina zan sa ta?"

Mai gadin kamfani kuwa, in ya ja ƙofa da safe ko uwarsa ce ba ta fita. Ajiye aikin? A ci me?

Yanzu ga Tuni ta fito tsaf, ta shafa mai a ka, jakarta a baya.

"Yau babu makaranta," in ji Morjina.

"Ƙarya haram, Ma. Ga su Rimon can sun wuce."

"Ke, zauna na ce!"

Ta fita da sauri ta ja ƙofa, ta datse kwaɗo. Ta tsaya jiran kuka. Da kukan aka yi da ta samu sauƙi, wallahi, amma shiru, irin shirun nan na da da take tsoro fiye da komai. Ta kanga ido a hudar langa-langar bango.

Tuni na zaune kan tabarma, ta tanƙwashe ƙafa, jaka a cinya. Ta ɗaga ƙaramin yatsanta sama. Haka ake yi a wurin Apa Shefali: mai son fita ba ya ihu, yatsa yake ɗagawa, a buɗe masa.

Jiniyar kamfani ta ɗauka. Mata suka fara gudu a layi.

"Ma," in ji Tuni a hankali, "na ɗaga fa."

"Na gani, 'yata."

Morjina ta ƙulle makullin a bakin gyalenta, ta bi matan.